Motar Masara a Kan Ƙafa Biyu

Na sayi abubuwa da yawa a rayuwata, na sayar da su, yawancinsu yau ko launinsu ba na tunawa. Amma injin ɗaga motar da na fara kafawa a garejin gidana, da abin da ya faru a ƙarƙashinsa wata safiya da kaka, wannan kam ba zai bar kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Sana'ata saye da sayar da motoci, ba sababbi ba, waɗanda suka riga suka sha duniya. In sayo, a gyara, in sayar wa direbobinmu na Birnin Gwari masu shiga ƙauyuka ɗauko hatsi. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da suke fara ci a jikin mota, wato ƙasanta. Shi ya sa rabin aikin da ake yi min, a kwance ake yin sa.

Mai yin aikin kuwa aminina ne, bakanike, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda ya zo garin nan tun muna samari. Ni ina ce masa Injiniya. Shi kuma ya fara ce min Alhaji tun ban san hanyar Makka ba, wai don kunya ta kama ni in tafi. Shekara da shekaru yana shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ɗaga mota da jak, ya tokare ta da duwatsu, ya shige. Wata rana na ga ya fito daga ƙarƙashin wata a-kori-kura, ya daɗe a durƙushe yana dafe da ƙugu kafin ya iya miƙewa. Ga shi kuma duk babban aiki sai an kai Kaduna, a shekarun da ba mai bin hanyar dajin nan don nishaɗi. A ranar na ce zan kafa injin ɗaga mota a gidana, mutumin nan ya riƙa aiki a tsaye, ya kuma koma wurin iyalinsa lafiya.

Ashe yanke shawarar ita ce mai sauƙin. Da na je wurin mai sayarwa a Kaduna sai na tarar iri biyu ne. Akwai mai ƙafa biyu: ginshiƙai biyu na ƙarfe, mota ta tsaya a tsakaninsu, hannuwa su shiga ƙarƙashin cikinta su tallafe ta, ta tashi sama tayoyinta na reto. Akwai mai ƙafa huɗu: shi kamar gado yake, a tuƙo mota ta hau kan dogayen faranti biyu, a ɗaga ta a zaune kan tayoyinta. Mai ƙafa biyu ba ya cin wuri, kuma duk abin da ke ƙasan mota a buɗe yake, amma yana son kankare mai kauri, yana kuma son nauyin mota ya zauna daidai a tsakiya. Mai ƙafa huɗu ba ruwansa da inda nauyi ya karkata, sai dai ya cinye gareji, kuma in aikin taya ne ko na sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke kusa da taya, sai ka ƙara kawo jak ka ɗaga motar a kansa.

Ni da nake kallon mota sau ɗaya in san ko zan saya, sai ga ni na kasa zaɓar ƙarfe. Na dawo gida hankalina ya ƙi kwanciya. In auna garejin da igiya da safe, in sake aunawa da la'asar, kamar zai ƙara faɗi a tsakani. Ina cikin ciniki da mutum sai in ji ya ce, "Alhaji, kana ji na kuwa?" Har maiɗakina ta gaji. Ta ce, "Wai kai za ka shiga ƙarƙashin motar ne? Ka tambayi mai shiga mana."

Na tambaye shi. Ko tunani bai tsaya yi ba.

"Mai ƙafa biyu, Alhaji. Aikinmu duk na taya da sifirin ne. In ka sayo min gadon nan, sai dai in riƙa barcin rana a kai."

"In ta faɗo fa?"

"Motar da ta zauna kan duwatsu ba ta faɗo min ba, sai ta kan ƙarfen Turawa? Kai dai ka faɗi gaskiya, mai arahar kake nema, kuma shi ne mai ƙafa biyun. Yau ra'ayinmu ya zo ɗaya."

Haka aka yi. Na sa aka fasa daɓen garejin, aka haƙa, aka zuba kankare yadda aka ce, ban rage buhun siminti ko ɗaya ba. Wanda ya zo kafa injin ya ja mana kunne da abu guda: kada a kuskura a ɗaga mota da kaya a cikinta. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na kafa doka, duk motar da za ta hau sai an sauke mata kaya. Aiki ya yi kyau, Injiniya har da waƙar coci yana ɗaure noti. Amma ni duk lokacin da na ga mota a sama tana lilo, sai in kasa sakin jiki.

Ranar da abin ya faru, ina ƙofar gida tare da wani dattijon Bafulatani da ya zo daga wajen Kazage duba wani babur da nake sayarwa. Na ga shigowar wata ƙaramar motar haya ta wani direba ɗan Gayam, irin waɗanda ake cika wa kujerar baya da but, wato ma'ajiyar kaya, da buhunan masara har murfin ya ƙi rufuwa a ɗaure shi da igiya. Bayanta na kusan jan ƙasa. Ban damu ba, na san akwai doka. Muka ci gaba da ja-in-ja da Baffa.

Can sai muka ji wata ƙara, ba mai ƙarfi ba, kamar an ja ƙarfe a kan ƙarfe. Sai muryar Injiniya. Ba ihu ya yi ba, a hankali ya kira, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali.

"Alhaji. Zo. Kada ka yi gudu."

Na shiga. Motar na sama, sama da kan mutum, da masararta gaba ɗaya. Gabanta ya ɗaga, bayanta ya sunkuya. Ina iya ganin hasken rana tsakanin hannuwan injin na gaba da cikin motar, wato gaban ba a kan komai yake ba. Injiniya yana tsaye ƙarƙashin bayan. Ya kafa wani dogon katako a ƙasa ya tokare ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, don ya samu ramin noti ya zo daidai. Da ya buga guduma motar ta girgiza, nauyin masara ya rinjaya baya, ya zauna a kan katakon. Sifirin, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ke kusa da taya, ya matse, hannunsa na dama na ciki. Katakon kuwa ya fara lanƙwasa. Shi kaɗai ne tsakanin kan aminina da mota.

Direban ya zabura zai danna makunnin injin. Na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba. In aka sauke, nauyi ya ƙaru kan katako, hannu ya tafi. In aka ƙara ɗagawa, katako ya kuɓuce, mota ta kife ta baya. Ba sama, ba ƙasa.

"Injiniya, kana iya zare hannun?"

"Da ina iyawa da ka gan ni a waje." Gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Alhaji, in ta faɗo, kada ka sayar da kayan aikina da araha. Na san halinka."

"Rufe min baki, sarkin taurin kai."

Mutanen layi sun fara taruwa. Na sa aka jefa igiyar jan mota aka maƙale ta a gaban motar, maza suka rataye a kai suna ja ƙasa. Gaban ya ɗan sauko, amma bai zauna ba. Wani ya ce a kawo tsani a sauke buhunan. Na ce wa zai hau? Nauyin mutum ɗaya a bayan nan, ko girgizar fizgo buhu ɗaya, ya isa ya karya katakon. Ina ta kai da komo, in je gaba in dawo baya, bakina na salati, idona na kan katakon da ke ƙara yin baka.

Kafin in shiga harkar motoci na yi zaman kasuwar hatsi, na san yadda buhu ke yi in ƙusa ta huda shi: ba ya faɗuwa, ramewa yake a hankali. Na juya wurin Baffa, wanda ke tsaye bakin ƙofa da sandarsa.

"Baffa, kana da wuƙa?"

Ya zaro ta daga ƙugu, ya tsinci robar taya a ƙasa, ya ɗaure wuƙar a kan sandar tamau, ya miƙo min. Na tsaya ta gefe, inda ko motar ta faɗo ba za ta same ni ba, na miƙa sandar sama na tsaga gindin buhun da ya fi leƙowa.

"Alhaji, masarar mutane ce!" in ji direban, yana rataye da igiya kamar zai yi kuka.

"Hannun nan ma na mutum ne. Ja igiyarka!"

Masara ta fara zuba kamar ruwan sama kan kwano. Na tsaga na biyu, na tsaga na kusa da shi, duk wanda sandar ta kai. Tana zuba kan kafaɗar Injiniya, tana shiga wuyan rigarsa, tana taruwa har ta rufe masa takalma. Ba ka jin komai sai wannan shuuu ɗin da numfashin masu jan igiya. Kajin maiɗakina ne kaɗai suka ga abin alheri, suka shigo a guje. A rayuwata ban taɓa jin lokaci ya ƙi tafiya irin na ranar ba. Sai na ga hasken nan na gaba yana tsukewa, yana tsukewa, har muka ji ƙwas, cikin motar ya zauna kan hannuwan injin. Bayan ya ɗago kaɗan. Sifirin ya buɗe baki.

Injiniya ya zare hannunsa, ya tako cikin masara ya fito, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Katakon ya faɗi da kansa. Baffa ya kwance wuƙarsa, ya goge ta a hannun riga, ya ce, "To Alhaji, babur ɗin nan, yanzu sai ka rage."

An ɗaure hannun a asibiti. Bai rasa shi ba, amma yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasa sosai. A hanyar dawowa na kasa haƙuri.

"Ba na ce a riƙa sauke kaya ba?"

"Ka ce." Ya gyara ɗaurarren hannunsa. "Direban ya zo ya ce motocin da jami'an tsaro za su raka sun kusa tashi. In an sauke buhunan nan a sake lodawa, sun tafi sun bar shi, sai dai ya bi dajin shi kaɗai. Ya ce min, Oga, don Allah, ɗan aiki kaɗan ne. Kai da kake wurin, Alhaji, za ka ce masa a'a?"

Na san direban, na san mahaifinsa, ni na sayar masa da motar. Da ni ne a wurin, da na ce a ɗaga a yi sauri. Kuma gobe wani zai zo da irin wannan roƙon, jibi ma haka. Motar garinmu ba ta zuwa gareji wayam. Da kayanta take zuwa, da gaggawarta, da kunyar da ba za ta bari ka juya wa ɗan gari baya ba.

Duk wasi-wasin da na yi makonni ina yi, a kan hanyar nan ta dawowa daga asibiti ya ƙare. Na kira mai sayarwa muka yi musaya, na yi asara, ban ko ja ciniki ba. Aka cire mai ƙafa biyu, aka fasa bangon garejin aka ƙara masa faɗi, aka kafa mai ƙafa huɗu. Injiniya bai daina mita ba. Duk aikin taya sai ya ɗauko jak yana cewa na mayar da shi baya, aikin da zai gama kafin shayi ya huce yanzu sai azahar. Mota ta hau da masararta, da gawayinta, wani lokaci har da akuya a ciki, ta zauna daram.

Masu tambayata wanne ya fi, ina gaya musu gaskiya: mai ƙafa biyu ya fi sauri, ya fi daɗin aiki, kuma a wurin da ake bin ƙa'ida ba shi da laifi. Amma abin da ranar nan ta koya min shi ne, in za ka sayi kayan aikin da ran mutum zai tsaya a ƙarƙashinsa, kada ka auna shi da ranar da kowa ke cikin natsuwa. Ka auna shi da ranar da wanda ba ka iya ce wa a'a zai shigo a gigice ya ce don Allah. Wannan ranar tana nan tafe, kuma ƙarfe ba ya jin don Allah.