Dattijon da Ke Cikin Rami a Liba

Ban san sunansa ba. Dattijo ne siriri, rigarsa ta rine da jar ƙasa, yana haƙa wa masu binciken kayan tarihi rami kafin sabuwar jiharmu ta shimfiɗa titi. Katafila na jira a gefe.

Sai ya daina sara. Yana kallon wasu duwatsu a jere kamar na kabari, leɓensa na motsi.

"Baba, mi ka gani?" in ji jami'insu.

"Ba komi, ɗana. Wurin na da tsauri."

Ina jin ya san wanda ke kwance a nan. In ya faɗa, za a tone shi. In ya yi shiru, titi zai bi ta kansa. Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe duwatsun, ya tsaya a wurin, ya ƙi fitowa.