Tudun Issufu da Jigawata

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Issufu, kuma har yau in na shiga kasuwar Gangara sai wani ya nuna ni ya ce, ga yayan mai tudu nan. Ni na riga shi zuwa duniya, ni na goya shi, amma da sunansa ake gane ni. Allah ya jiƙansa. Sai dai ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, abin yana cina.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar gona ɗaya, ta faro daga kan tudu ta gangaro har kwari. A gidanmu babba shi ke fara zaɓe, don haka na ɗauki jigawar da ke gindi, yashi mai zurfi wanda hauya ke shiga ba gardama. Issufu ya tashi da gangaren, duk tsakuwa da fako. Ko marmarar saman tudun, inda akuya ma ba ta daɗewa, a rabonsa ta faɗa. Ranar har tausayinsa na ji, wallahi.

Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Issufu ya sa maƙeri ya fiƙe masa wani rodi, ya dinga bin gangaren yana soka shi a ƙasa, yana sauraron inda zai daki dutse. Mu a wurinmu tudu tudu ne, shi kuwa sai da ya raba shi iri-iri. Can sama, inda ƙarfen ke tsayawa tun bai shige tsawon yatsa ba, ya ce wannan ta Allah ce, a bar wa anza da ciyawa. Ƙasa da nan akwai mai tsakuwa, zurfinta bai wuce kamu ba, amma in ka ɗaga dutse sai ka tarar da danshi a ƙarƙashinsa. Fakon da ya daskare kamar daɓe, wanda ruwa ke zamewa a kansa, shi ya haƙa wa ramuka ya zuba kashin awaki. Ya kuma jera duwatsu layi-layi a gicciye, don ruwan sama ya tsaya ya sha kafin ya wuce.

Mutane suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Sai ga wata damina da ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar bununi. Gerona ya kwanta a yashi, nasa kuwa yana tsaye cikin tsakuwa, kore shar. Daga nan aka fara zuwa kallo, har daga Olelewa. Baƙi su ratsa ta cikin gonata, su tattake mini wake, su tambaye ni hanyar tudun Issufu. Na taɓa ce masa ruwan da ke sauko mini shi ya tare. Ya yi murmushi ya ce, “Yaya, gudunsa na rage.” Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni kam na yi wa Issufu takin da ya fi na awakinsa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai ɗana ne, Haruna, shi kaɗai namiji da Allah ya bar mini. Issufu 'ya'ya mata ya bari, duk sun yi aure a nesa, kuma na sa rai tunda ya kau, Haruna zai tsaya a jigawa ya gaje ni, a ce gonar wane tana hannun ɗan wane. Tudun ya zauna ba mai kula da shi, dabbobi suka wargaza layukan duwatsun. Ban ɗaga ko tsakuwa ɗaya na mayar ba, don ba gonata ba ce.

Da Issufu zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga masu furoje, wato ayyukan farfaɗo da ƙasa, sun cika yankinmu na Damargu da ramukan rabin wata, zai ga Tanut ta ƙara girma, ruwa kuma ya ƙara rowa. In ruwan ya zo kuwa da fushi yake zuwa. Zai kuma ga kwazazzabon da ya tsago daga tudunsa ya shigo gonata. Na san ba zai ce ya faɗa mini ba. Murmushi zai yi, kuma murmushin nan nasa shi na fi tsana tun muna yara.

Bara da bazara Haruna ya shigo gona riƙe da rodin, matar marigayi ta ba shi. Ya soka shi a saman jigawata, wurin da a da ƙarfe zai nutse har mariƙinsa. Ko kamu bai shiga ba na ji ƙarar dutse. Yashin da nake taƙama da shi duk ruwa ya kwashe ya kai kwari.

“Baba,” ya ce, “ka yi mini izini in hau tudun Baba Issufu. In can bai sha ba, nan ba za ta tsaya ba.”

Na ce, “Gonar ubanka fa?”

Ya sunkuyar da kai. Na ce ya je. Ya hau tudun ya mayar da layukan duwatsun. Bana kwazazzabon bai ƙara ko taku ba, gerona ya yi kyau, kuma a masallaci na ji ana cewa Issufu ya ceci gonar yayansa daga cikin kabari. Haruna kuwa yanzu magajin mai tudu ake ce masa.

In aka auna, rodi ɗaya Issufu ya bari da duwatsun da ba shi ya halitta ba, sai ɗan da ni na haifa. Abu guda ne na fi shi. Tudun da ya ƙare ransa a kai bai da zurfin kabari, sai a maƙabartar da ke gefen jigawata aka sa shi, yashina ne ya rufe shi. Na gaya wa Haruna in tawa ta zo ya haƙa mini kusa da shi. Ya ce to. Amma na san yaron nan, in ya zo ziyara, kan kabarin Issufu zai fara tsayawa.