Ranar Da Muka Cika Rijiya Da Tulu

Shekarun baya da nisa, lokacin da aka fara naɗa ministoci a Kaduna, ina amarya a wani ƙauye gindin duwatsun Doguwa. Ruwanmu na rafi ne, ga nisa, ga hawa. Akwai rijiyar siminti da gwamnati ta fara haƙa mana, masu aikin suka ci karo da dutse suka tafi, wai za su dawo da kayan fasawa. Kullum na wuce ta da tulu a ka sai na leƙa. Ni da shirme, har na zaɓi inda zan riƙa zama in huta in ta kawo ruwa.

Ran nan dagaci ya aiko cewa ministan da ke kula da rijiyoyi zai biyo ta garinmu. Dattawa suka zauna, suka ce abin kunya ne babban baƙo ya nemi ruwan alwala a rijiyar gwamnati guga ya fito a bushe. Surukata ta ce, "Yo ai ba a kwance wa gari zani a gaban baƙo." Aka ce matan gari su cika rijiyar da ruwan rafi.

Tun sanyin safiya muke jigila, duwatsu sun yi shuɗi, 'yan mata na waƙa, tuluna a jere kamar za mu kai gara. Da yake ƙasanta dutse ne, ta riƙe ruwan. Da na leƙa na ga sama da fuskata a ciki, wallahi daɗi ya rufe ni, na manta cewa da wuyana na kawo ruwan.

Minista ya zo, aka ja masa guga, ya yi alwala, ya sa albarka, ya wuce. Kafin sati rijiya ta koma yadda take.

Bayan watanni yayana, wanda ke fatauci, ya dawo daga kasuwar Tudun Wada da labarin da ya ji ana karantawa a jarida. Wai a majalisa an tsare ministan kan rijiyoyin da aka bari, shi kuwa ya ambaci garinmu, ya ce da ruwanta ya yi alwala. Masu fasa dutse kuma, da aka ɗauka tamu ta kawo ruwa, an tura su wajen Burumburum.

Ina bayan zana ina jin su da maigidana a zaure.

"Ya sauka daga kujerar kawai!" in ji yayana. "Wanda aka ba amanar rijiya bai san rijiya ba?"

Maigidana, da ba ya son a taɓa gwamnati, ya ce, "Haba Yaya, ƙarya ya yi? Abin da ya gani ya faɗa."

"To me ya hana shi tambaya? Mace ɗaya ya tsayar, da ya ji."

"Da ya tambaya, wa zai faɗa masa? Kai?"

Raina ya ɓaci, don na san ko ni ya tsayar, sunkuyar da kai zan yi in ce sai godiya. Na ɗauki gammo na nufi rafi ina hawaye. Haka na yi ta zuwa har na aurar da 'yar farina.

Har yau ban wanke ministan ba, aikinsa ne ya bincika. Amma mu ma mun iya rufa wa wahala asiri, mu kira shi karamci. Shi ya sa yanzu nake ba jikokina kunya. In baƙo ya gaishe ni ya ce, "Hajiya, ina gajiya?" ba na cewa babu. Cewa nake, "Akwai ta, ɗana. Zauna ka ji."