Ƙarfen da ya cinye hannun maigidana

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ya fi ƙona min rai a duniya, ƙarfen nan zan ambata. Ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Lokacin da kuɗin fetur ya shigo ne, ana ta shimfiɗa kwalta. Maigidana maƙeri ne a Roni, yakan je Kazaure sayen tarkacen ƙarfe. Wani kamfanin hanya ya tashi ya bar shara a sansaninsa, masu tsince-tsince suka kwaso. A ciki maigidana ya samo wani akwati rawaya, ƙarami amma da nauyi kamar dutsen niƙa. Ya fasa don ya ciri darma, sai ga ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi, zarto ya ƙi cinsa.

A gidan ƙira, ƙarfen da ya gagari zarto ba a yar da shi, magani ne. Ya kai wa baduku aka ɗinke shi a kambu, ya ɗaura a damtsen dama, hannun guduma.

Kafin damina ta fita wurin ya yi ja, ya fashe. Na shafa man shanu, na shafa man kaɗanya, gyambo sai zurfi yake. Kuma ni da hannuna nake mayar masa da kambun a kan tsumma, wai ya tsare shi. Wannan har yau ya ƙi haɗiyuwa.

Ran nan sai ga mota, Bature da tafintansa, riƙe da wata na'ura mai kukan gyare. Suna nufar maigidana ta haukace, suka ja da baya. Da dogon awartaki suka karɓi kambun da ya yi wata biyar a jikin mutum. Tafinta ya ce akwatin da ya fasa na'urar auna taurin hanya ce, gubarta ba a gani, tun rani suke nemanta.

Daga bayan zana na ce, "Tun rani? Kun gaya wa dagaci? Kun sa an yi shela a kasuwa?"

Tafinta ya ce, "Uwargida, manya ba sa son a tayar da hankalin jama'a. Ku ma ku gode Allah ba a ce sata ya yi ba."

In akuya ta ɓata a garinmu, sai mai shela ya zaga unguwa-unguwa. Su sun zubar da mutuwa a juji sun yi gum, don kada a ji kunyarsu.

An kwantar da shi a Kano, rai ya tsira, hannu ya shanye. Mutumin da garmarsa ke kaiwa Babura da Gwiwa ya ƙare yana yi wa ƙanensa zuga da hagu.

Abin da na koya shi ne, rashin sani bai kai shirun wanda ya sani mugunta ba. Shela ɗaya ta ishe su, da hannun nan yana nan.