Kamiyon da Na Liƙe wa Tayoyi

Kwana tara ana zuba ido Baba ya dawo daga Agadas da kamiyonsa, shiru. Ina aji huɗu a lakwal lokacin, muna zaune a Yantala. Kafin ya tafi ya sayo mini wani kwali a Babbar Kasuwa: tsohon kamiyo ne mai dogon hanci, na roba, gutsi-gutsi, sai ka ɓalle ka haɗa. Ya ce in jira shi. Ni da ɗoki, ina! Ruwan liƙin da ke ciki ya bushe, sai na jiƙa ƙaro na lafta ko'ina, har tayoyin. Da ya sha iska suka ƙi juyawa. Wallahi na ɗauka ni na tsayar da motar Baba a cikin rairayi.

Bayan magariba Kaka takan zauna bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma tambayar labarinsa. In an taso da zancen sai ta kau da kai ta gyara itace. Ran nan na faɗa mata laifina ina kuka.

Ta ce, "Ji min maigidan banza! Cefane ya gagare ka, mota za ka tsayar? Matso nan. Ga ta nan, tana neman kunne."

Muka ce ta zo mu ji.

Wani madugu ne raƙuminsa ya gurfana a daji ya ƙi tashi. Ya doke shi, ya lallashe shi, a banza. Rana ta take, ƙishirwa ta kama shi.

"Ya girgiza salka, babu ko ɗigo. Sai Issufu ya..."

Ta dafe bakinta. Inna ta sunkuyar da kai. Sunan Baba ne.

Ba ta ƙarasa tatsuniyar ba sai bayan kwana biyu, da Baba ya shigo a rame, ashe ƙarfen ƙafar motar ne ya karye masa. Wai guguwa raƙumin madugun ya shaƙo a gaba, tsayawar ce ta cece su.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne wani jinkirin alheri ne. Sai da na haifi nawa na gane tsoronmu ɗaya da ita a bakin murhun nan. Ni an bar ni na yi kuka. Ita ko sunan ɗanta sai da ta ɓoye a bayan raƙumi.