Lamba Ta Huɗu

A cikin dukkan abubuwan da ɗan Adam ya ƙirƙira don cutar ɗan'uwansa, ban ga kamar lamba ba, domin takobi ana ganinsa a kauce, ita kuwa lamba sai a miƙe tsaye a gaishe ta. A lokacin da abin nan ya faru ni matashin malami ne a wata sakandare tsakanin Gwarzo da Kabo, sabon kammala karatu, ina ganin duk wanda bai iya kwamfuta ba duniya tana binsa bashin haƙuri. Ni aka damƙa wa rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet.

Ranar da aka kunna ta, malamai suka zo haɗa wayoyinsu kamar yadda muke komai: babba kafin ƙarami. Shugaba ya fara, mataimakansa biyu suka biyo, sai malamin Tarihi, dattijo mutumin garin Gammo wanda ya yi min hanyar aikin, kuma tun ina yaro ɗana yake ce min. Rautar tana ba kowace waya adireshi na lambobi, ni kuma ina kallon lambar ƙarshe: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Har na yi wa mutane barkwanci cewa Bature ya ƙera na'ura mai tarbiyya. Na haddace jerin, na ɗauka an naɗa sarautu ke nan har abada.

Da jarrabawa ta zo, sai tambayoyin suka riga mu shiga aji. Na duba kwamfutar da ake ajiye su, na ga lamba ta huɗu ta buɗe su ana gobe jarrabawa. A taron malamai na miƙe, na gyara wuyan riga, na ce lamba ta huɗu ta malamin Tarihi ce, kuma mutum yana ƙarya amma na'ura ba ta yi. Malam ya dube ni ya ce ɗana, shi fa ko hoton jikarsa sai an buɗe masa a wayar nan. Wani ya ce ai masu Tarihi sun saba tono abin da aka binne, aka yi dariya. Ni ma na yi. Shugaba ya ce ba zai kai maganar gaba ba saboda furfura, wanda ya fi kaiwar ciwo. Kafin hutu ya ƙare Malam ya ajiye aiki ya koma gona.

Malam ya bar makarantar, lamba ta huɗu ba ta bar ta ba. Wata safiya na gan ta a kan wayar malamin Lissafi, bayan azahar a kan ta akawu. Sai a sannan na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Tsarin da ake kira DHCP aron adireshi yake bayarwa, ba kyauta ba. Duk sanda aka ɗauke wuta, rautarmu takan manta da kowa, ta sake rabo ga wanda ya riga zuwa, kamar kofin mai shayi. A garinmu kuwa kowa ya san sau nawa wuta take ɗaukewa. Wanda ya saci tambayoyin har yau ban san shi ba.

Na hau babur zuwa Gammo. Malam ya shimfiɗa min tabarma, muka gaisa har kan gajiya da damina da mutanen gida, aka kawo fura. Ya ce ya yafe tun ranar, ya kuma tambaya ko na'urar ma za ta zo ba da haƙuri, tunda ita ce mai gaskiyar. Ya ce abin da ya rage ƙarami ne: a kasuwa yara suna nuna shi da baki. Daga zuwana har tafiyata da sunan Malam yake kirana. Bai ce ɗana ba ko sau ɗaya.

Ku da aka ba amanar irin waɗannan na'urori, kafin ku ɗora lamba a kan mutum ku duba wace waya ce ta riƙe ta, a wace rana, a wane lokaci. In ba ku da wannan, ku riƙe bakinku, don afuwa ba ta zagaya kasuwa yadda zargi yake zagayawa. Na'ura ba ta san babba ba, ba ta kuma yi min ƙarya ba. A safiyar nan da nake rubutu, lamba ta huɗu tana kan wayata.