Malama Magdalene da Sunan Kambai

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malama Magdalene ta riga ta tsallake layin dogo na Kafanchan, lema a hannu, naɗaɗɗiyar taswirar duniya a hammata. Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan tafiya zuwa sakandaren da take koyar da tarihi. A watan nan za ta ajiye alli, shi ya sa ni, tsohon ɗalibinta kuma sarkin barcin aji, na ce bari in faɗi abin da na sani.

Taswirar nan ta tsufa har Jamus ta huje. Malama takan ɗora yatsa a hujin ta ba mu labarin Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar murar 1918, sannan ta juyo ta ce, "Abin nan har gidajenku ya shiga. Kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu: wa aka ɗauka, wa ya mutu? Ku kawo mini suna." Mu yi ta gunaguni, ita kuwa ta tattara takardun ta zuba a akwatin ƙarfe.

Wata shekara wata ɗaliba, Stella, ta dawo hannu wofi, don kakarta Mama Serah ta ƙi magana. Malama ta hau mashin ta je ƙauyen da kanta. Sai da ta yini kafin tsohuwar ta buɗe baki.

"Malama, sunan nan ba mu kiran shi a gidan nan. Kakana ne, Kambai, mai cindo a hannun hagu. Turawa sun ɗauke shi dako zuwa yaƙin Kamaru. Waɗanda suka dawo sun ce ya yar da kaya ya gudu, ya manta da matarsa da yaro. Babana ya mutu da kunyan nan. Ko jariri ba mu sa masa sunan."

Malama ta rubuta, ta ajiye.

Bayan shekara goma sha ɗaya, wani ɗalibi ɗan Kachia mai suna Leonard ya tashi ya karanta nasa a aji. Ya ce a gidansu duk shekara in an tone citta, sai an yi addu'a an ambaci wani Kambai mai cindo. Kakan baban Leonard ne zazzaɓi ya kayar a hanyar Kamaru, aka wuce aka bar shi. Kambai ya ajiye kayan Bature, ya koma ya goya shi kwana uku har wani ƙauye. A can ciwon ya kama Kambai, a can aka binne shi.

'Yan ajin sun ce Malama ta ja kujera ta zauna. Duk wanda ta koyar ya san ba ta zama a aji.

Lokacin Mama Serah tana kwance, an fara fid da rai. Malama ba ta jira hutu ba. Ranar Asabar ta je Kachia ta ɗauko baban Leonard ta kai shi gefen gadon. Ya durƙusa ya ce, "Mama, in ba don kakanki ba, da babu ni." Tsohuwar ta yi kuka, ta ce, "A kira mini yaran duka. Ka sake faɗa a gabansu."

Malama, ke ce kika riƙe sunan mutumin da gidansa ya zubar, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya yaba miki. Uwar masu tambaya, mun gode, Ubangiji ya saka miki. Ina jin kunyar barcin da na yi. Ku kuma masu tsofaffi a gida, ku je ku zauna ku tambaye su tun suna iya amsawa.

Mama Serah ta rasu bayan wata biyu. Bara Stella ta haifi namiji, kuma ina cikin coci ranar da aka miƙa shi ga Ubangiji. Fasto ya tambayi sunan yaro. Stella ta waiwayi Malama a bencin baya, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Kambai."